Lissafin wutar lantarki kafin harhaɗa ogan a gida

A Ingila da Amurka, masu sha'awar ogan, wato babban abin kiɗan nan mai bututu da aka fi sani a majami'u, kan harhaɗa kwatankwacinsa a gida, inda kwamfuta ke fitar da sautin da aka naɗa daga bututun gaske. Manhajar Hauptwerk, wadda Martin Dyde ya fitar a shekarar 2002, tana cikin waɗanda aka fi amfani da su.

Tun kafin a yanka katako ake lissafin wuta.

Allunan da ake dannawa da yatsu da ƙafafu ba su da cin wuta. Kwamfuta da na'urorin ƙara sauti ne masu ja, amma soket na Ingila mai volt 230 da amp 13 yana ɗaukar kusan wat 3,000, layin Amurka mai volt 120 da amp 15 kuwa wat 1,800. Galibi wannan ya wadatar.

Wurin da lissafi kan kuɓuce shi ne maɓallan sauya murya da maganaɗisu ke motsawa, waɗanda ke da tasu na'urar ba da wuta mai ƙaramin volt. Kowane na jan wutar ne na ƙiftawar ido, to amma dannawa guda tana iya motsa su duka tare. Idan su 60 ne, kowane na jan rabin amp, ana buƙatar amp 30 nan take. Na'urar da ta gaza hakan, sai wasu maɓallan su maƙale ana tsakiyar kiɗa.