Ko Kun Sani?

Iyakar da ta raba garin Lolo na Ƙaramar Hukumar Bagudo da Madekali ta Jamhuriyar Benin ta samo asali ne daga yarjejeniyar da Birtaniya da Faransa suka ƙulla a 1898, kuma har yau tana da tasiri a kan ƙasar da ɗalibi ke hanƙoron zuwa ƙaro ilimi. Yaron da ya yi makaranta a Lolo da Ingilishi aka koyar da shi, saboda haka jami'o'in Birtaniya ne suka fi masa sauƙin shiga, alhali takwaransa na ƙetaren iyaka, wanda ya tashi da Faransanci, ya fi karkata zuwa Faransa.

Wannan alaƙa ta karatu da Birtaniya tsohuwa ce, domin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi sahunsa a 1946, sannan Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, ta yi ta bayar da digirin Jami'ar Landan har zuwa 1962.

Wani dalilin kuma da ke jan ɗalibai zuwa Birtaniya shi ne gajartar lokaci, domin digiri na biyu, wato wanda ake yi bayan kammala na farko, yawanci shekara ɗaya yake ɗauka a Birtaniya. Akwai kuma tallafin karatu na Chevening, wanda gwamnatin ƙasar ta kafa a 1983, mai ɗaukar nauyin kuɗin makaranta da na jirgi da na zaman ɗalibi.