In Mai Ciwon Jijiya Ya Kasa Barci

Kai mai gida, ko ke uwar gida, ko wanda aka ba shi takardan nan ya karanta wa mutanen gida: in akwai naku wanda ya daɗe yana fama da ciwon jijiya, kun sani dare ya fi masa rana wuya. Kowa ya yi barci, shi idonsa biyu, yana ta juyi har zakara ya yi cara. Gari ya waye ba shi da wani kataɓus, mai jiyyarsa kuwa ita ma ba ta runtsa ba. Rashin barcin nan yana da dalilai waɗanda a kan iya ganewa, galibinsu kuwa a gida a ke gyara su, ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Ciwon da mu ke magana a kansa likitoci suna kiransa maltiful sikilerosis, a taƙaice su ce MS. Ga yadda ya ke. Jijiyoyin da ke cikin ƙwaƙwalwa da laka su ne ke kai saƙo ko'ina cikin jiki, kowace kuwa tana cikin wani kube na kitse, kamar robar da ke rufe wayar lantarki. To, a ciwon nan garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙi da ƙwayoyin cuta, ita ce ke juyowa ta riƙa cin kuben. Sai saƙo ya riƙa makara, ko ya ɓace a hanya. Mutum ya ji ganin ido ɗaya ya dushe, ko ƙafa ta sage, ko ya riƙa tangaɗi ba ya sha kome ba, ga gajiya mai tsanani. Ya kan taso ya lafa, ya sake tasowa. Wani likita Bafaranshe, Jean-Martin Charcot, shi ya bayyana shi sosai a birnin Faris cikin 1868. Ƙidayar da aka yi cikin 2020 ta sami kamar mutum miliyan 2 da dubu 800 masu shi a duniya. Ya fi kama mata, ya kan fara tsakanin shekara 20 da 40, ya fi yawa kuma a ƙasashen sanyi irin su Kanada da Jamus da Ingila. A ƙasashenmu kaɗan ne, amma akwai shi, sai dai a babban asibiti mai na'urar hoton ƙwaƙwalwa a ke tabbatad da shi. Ba sammu ba ne, ba a kuwa ɗaukarsa wajen cin abinci ko kwana ɗaki ɗaya. Yawancin shawarwarin nan za su amfani mai shanyewar ɓarin jiki da wanda ya sami rauni a laka.

Abu na fari, kada ka tambayi maganin barci tukuna. Ka yi kwana bakwai kana lura: me ke tashe shi? Fitsari ne, ko ƙafa, ko zafi, ko tunani? Wanda ya iya rubutu ya riƙa rubutawa kowace safiya.

Goro da shayi

Mai ciwon nan gajiya ba ta barinsa, don haka ya kan jefa goro a baki ya sami kuzari. Cikin goro akwai wani sinadari, kafeyin, mai korar barci. Shi ne kuma ke cikin shayi da kofi da baƙin lemon kwalba da lemon ƙara kuzari. Ba ya saurin barin jiki. Bayan kamar sa'a biyar rabinsa yana nan cikin jini. Watau goron da aka ci da la'asar, ƙarfe huɗu, rabin ƙarfinsa yana nan ƙarfe tara na dare, sa'ad da a ke neman barci. Bayan haka yana tsokanar mafitsara. Ka ga an yi asara biyu: ba barci, ga fita fitsari. Gobe gajiya ta ƙaru, a ƙara goro, haka abin zai yi ta zagayawa.

Ba mu ce a hana shi sam ba, gama wanda ya saba in ya bari farat ɗaya kansa ya kan yi ciwo. Ya ci abinsa da hantsi, daga azahar ya haƙura. Masu zuwa dubiya su kan zo da goro, wannan alheri ne. A karɓa a yi godiya, a ajiye sai da safe. Taba ita ma tana hana barci, tana kuma ƙara wa ciwon kansa sauri.

Fitsarin dare

Kuskuren da a kan yi shi ne a hana majiyyaci ruwa wuni zubur don kada ya tashi da dare. Kada ku yi haka. Fitsari in ya yi kauri ya kan ƙara damun mafitsara, ga taurin ciki, ga ciwon mafitsara da ke biyo baya. A ba shi ruwa isasshe da safe da rana, sa'an nan a rage in saura sa'a biyu ya kwanta. A ba shi tuwon dare da wuri, kada a biyo shi da ƙwaryar fura ko kunu a bakin gado. Ya yi fitsari kāna ya kwanta. A ajiye masa fo mai murfi kusa da shimfiɗa, da tocila inda hannunsa zai kai, a kau da turmi da tabarya da kujeru daga hanya. Wanda ya taka har ban-ɗaki cikin duhu ya dawo, barci ya riga ya wartsake, in ma bai faɗi ba ke nan.

Ƙafa

Damuwar ƙafa iri biyu ce. Akwai ɗaurewar nama, ƙafa ta sandare ko ta zabura da kanta. Wannan miƙa ta ke so kafin kwanciya. Ya kwanta rigingine, ka riƙe diddigensa da hannu ɗaya, ka tura tafin ƙafar sama sannu a hankali har ya ji sha-raɓa ta ja. Ka tsaya nan ka ƙirga talatin, ka sassauta, ka sake sau uku. Ban da fizga, ban da tilastawa. Ka lanƙwasa gwiwa zuwa ƙirji, ka miƙe ta, duk a hankali. In an bi da tausa da man kaɗanya ya fi daɗi. In zai kwanta a gefe, a sa masa matashi tsakanin gwiwoyi. Amma fa kada a gasa masa ƙafa da ruwan zafi ko dutse mai zafi yadda a kan yi wa mai targaɗe. Fatar da ta sage ba ta jin ƙuna, sai an ga bororo.

Iri na biyu, sai ya kwanta ya ji kamar kiyashi na yawo cikin ƙafarsa, ba ya samun sauƙi sai ya motsa ta. Wannan sau da yawa yana tafiya da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki. A auna jininsa a asibiti. A gida kuwa a ƙara masa wake da zogale da alayyahu, da hanta in da hali, kada ya kora abinci da shayi, don shayi na hana jiki ɗaukar ƙarfen.

Zafi

Tun 1890 wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya lura masu ciwon nan ganinsu ya kan ƙara dushewa in jikinsu ya ɗumama. Jijiyar da kubenta ya lalace ba ta jure wa zafi ko kaɗan. Ba ciwon ne ya ƙaru ba, da jiki ya huce za a koma yadda a ke. Da bazara, ɗaki mai rufin kwano ya kan riƙe zafi har tsakar dare. A yi masa wanka da ruwan randa kafin kwanciya, a sa masa jiƙaƙƙen tsumma a wuya, in ta kama a yi masa shimfiɗa a rumfa cikin gidan sauro. Da hunturu sanyi ya kan ƙara sandare nama, a lulluɓe shi da bargo. Kada ko kusa a shiga da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa, iskarsa tana kisa cikin barci.

Da rana kuma akwai aiki. Ya riƙa tashi lokaci ɗaya kullum, ko ya yi barci jiya ko bai yi ba. A fito da shi tsakar gida da sassafe ya sami haske kamar rabin sa'a kafin rana ta yi zafi, gama hasken safe ne ke daidaita wa jiki lokacin barci. Ya taka da sanda gwargwadon ƙarfinsa, ko a ba shi ɓarar gyaɗa. Ba za a hana shi ƙailula ba, amma rabin sa'a ta isa, kada kuwa ta wuce la'asar. Tashin mara lafiya daga barci yana da ban tausayi, mun sani. A tashe shi duk da haka.

In ya kwanta kamar minti ashirin barci bai zo ba, kada ya yi ta kokawa da shi. Ya tashi zaune, ko a taimake shi ya jingina, ya saurari rediyo ƙasa-ƙasa cikin haske kaɗan, yana jan numfashi a hankali, sai ya fara gyangyaɗi ya koma. Wayar hannu a ajiye ta nesa da gado. Irin horon nan shi likitoci ke sa wa gaba da ƙwaya, amma ya kan ɗauki mako uku ko huɗu kafin a ga amfaninsa, kada a gaji a kwana biyu. Tunani kuwa da rana a ke rage shi. Matashi ne fa, ko mace mai ƙananan 'ya'ya, yana tunanin gona da makomar iyali. A zauna da shi da yamma a saurare shi, a riƙa shawara da shi cikin al'amuran gida. In ya daina cin abinci, ko yana yawan kuka, ko ya ce gara ya mutu, wannan ciwon baƙin ciki ne, ya yawaita ga masu MS, yana kuwa da magani. A kai shi asibiti ba da jinkiri ba.

Kada ka saya masa ƙwayar barci wurin mai talla ko a kyamis ba da takardar likita ba. Valium da tramadol su kan kama mutum ya kasa rabuwa da su, su kuma ƙara wa mai tangaɗi tangaɗi. Maganin tari mai kodin, gwamnatin Nijeriya ta hana yinsa da shigo da shi cikin 2018 saboda ɓarnarsa. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe na kasuwa ba a san ƙarfinsu ba, suna iya karo da maganin asibiti. Ganyayen Turai ma da a ke talla, irin su kamomil da baleriyan, da aka gwada su ba a ga wani amfani mai ƙarfi ba.

A garzaya asibiti in fitsari yana masa zafi ko ya zo da zazzaɓi, don wannan ya kan tayar da ciwon. Haka kuma in yana minshari har numfashinsa ya riƙa ɗaukewa, ko in mako huɗu ya wuce ba sauƙi. Wani maganin asibitin kansa, kamar firednisolon da a kan bayar in ciwon ya taso, yana hana barci in an sha shi da dare. Kada ka tsai da shi da kanka, ka tambayi likita ko za a mai da shi safe. Ran zuwa, ka tafi da takardar da kuka rubuta ta kwana bakwai, ka kuma zuba dukan magungunan da ya ke sha cikin jaka ɗaya, har da na gargajiya, ka nuna wa malamin asibiti.