Zaure da Cikin Gida: Amanar Sirri a Sharaɗin Bayyana Shafukan Sada Zumunta Wajen Neman Biza

A ranar 31 ga Mayu, 2019, Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta ƙara tambaya a takardun neman biza na DS-160 da DS-260, inda ake buƙatar mai nema ya rubuta sunayen da ya yi amfani da su a kafofin sada zumunta irin su Facebook da Instagram da YouTube cikin shekaru biyar da suka wuce. A watan Yuni na 2025 aka ƙara wa masu neman bizar karatu sharaɗin su buɗe shafukansu yadda kowa zai iya gani. A watan Agusta na shekarar ofishin jakadancin Amurka a Nijeriya ya sake gargaɗin cewa ɓoye wani shafi na iya jawo a hana mutum biza, har ma a rufe masa ƙofar nema nan gaba. Ba a neman lambar sirrin shiga shafin, amma sunan kaɗai ya isa ya kai jami'i ga duk abin da yake a buɗe.

Ana iya ganin nauyin wannan sharaɗi a wuri irin Dawanau, a Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa ta Jihar Kano, inda babbar kasuwar hatsi take fitar da riɗi da zoɓo da citta zuwa ƙasashen waje. Ɗan kasuwar da ke tallata hajarsa a Facebook, a shafin nan ne yake sanya hoton sunan jaririnsa, da ta'aziyyar maƙwabci, da ra'ayinsa a kan wa'azin da ya saurara. Sau da yawa ma wani yaro ne ya buɗe masa shafin a shagon intanet, ya manta sunan, aka sake buɗe masa wani. Ɗansa mai neman gurbin karatu a waje kuwa yana iya samun shafuka uku ko huɗu tun yana sakandare.

Gidan Bahaushe ya san iyaka. Baƙo yana tsayawa a zaure, na kusa ya kai shigifa, cikin gida kuwa sai muharrami. Wannan tsari ya dace da umarnin neman izini kafin shiga gidan wani da ya zo a Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, da kuma hanin bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat, aya ta 12. Imam al-Mawardi, a littafinsa al-Ahkamus Sulɗaniyya, ya hana ko mai hisba binciken laifin da aka ɓoye, sai inda ake tsoron aukuwar ɓarnar da ba ta gyaruwa, kamar kisan kai. Shafin sada zumunta ya haɗa zaure da cikin gida a fili ɗaya, kuma katangar da ta rage ita ce maɓallin da ke taƙaita masu kallo. Wannan katangar ce sharaɗin 2025 ya ce ɗalibi ya kawar.

Shin halal ne Musulmi ya kauce wa tambayar ta hanyar ɓoye wani shafi? Amsar fiƙihu a nan ba ta da sarƙaƙiya. Malamai da dama na wannan zamani suna ɗaukar biza a matsayin yarjejeniyar aminci, wadda magabata irin su Imam ash-Shaibani suka yi bayaninta a babin wanda ya shiga ƙasar wasu da izininsu, suka kuma haramta masa ha'inci. Mai nema yana sa hannu cewa abin da ya rubuta gaskiya ne. Yana da zaɓin fasa tafiyar idan sharaɗin ya yi masa nauyi, amma ba shi da zaɓin yin ƙarya. Wannan ya shafi masu cika wa mutane takarda a shagunan intanet, waɗanda kan zaɓi amsar "babu" don su huta da tambayar maigida sunayen da ya manta. Alhakin wannan amsa yana wuyan mai sa hannu, kuma shi ne zai ɗanɗana kuɗarta.

Inda mas'alar ta fi zurfi shi ne haƙƙin waɗanda ba su nemi biza ba. Mutum yana da ikon yaye labulen sirrinsa don wata maslaha, amma shafinsa ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai hoton matarsa da 'ya'yansa mata a wurin biki, akwai sharhin abokinsa da ya rubuta bisa zaton mutum talatin ne za su karanta, akwai jerin abokan hulɗarsa na kasuwa. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir, Allah ya ƙara masa yarda, hadisin da ke nuna cewa maganar da mutum ya faɗa yana waiwaye don kada wani ya ji ta zama amana a wuyan mai sauraro. Wanda ya yi sharhi a rufaffen shafi yana kama da mai wannan waiwayen. Buɗe shafin ba tare da saninsa ba tamkar gayyato baƙo ne zuwa majalisar da aka riga aka tashi, a maimaita masa duk abin da aka faɗa.

Baƙon kuma ba lallai ya ji Hausa ba. Wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari, ko taubasai, in aka juya shi da injin fassara yana iya fitowa a siffar zagi ko barazana. Kalmomi irin su jihadi da shahada, waɗanda ɗalibin Islamiyya ke amfani da su a ma'anoninsu na ilmi, suna iya ɗaukar wata fuska a idon wanda bai san muhallinsu ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 sun ba ɗan ƙasa kariya a gida, sai dai da wuya su yi masa amfani a kan bayanin da ya miƙa da hannunsa ga wata gwamnati.

Don haka akwai bambancin da ya kamata mai ba da fatawa ya kiyaye. Tambayar takardar a kan sunayen shafuka take, saboda haka wajibi ne a ambaci kowane shafi da aka yi amfani da shi cikin shekaru biyar, har da wanda aka rufe. Cire hoton iyali ko maganar wani kafin a buɗe shafin, da nufin kare mutuncinsu, bai shiga babin ƙarya ba, domin mayar da amana ne ga masu ita. Hukuncin yana sauyawa idan manufar gogewar ita ce ɓoye wani abu da takardar ta tambaya kai tsaye. Wanda kuma ba zai iya tsame haƙƙin wasu daga shafinsa ba, abin da ya fi dacewa shi ne ya sanar da su kafin ranar da zai buɗe shi, ya ba su damar janye abin da suka rubuta.