Gasar tenis ta birnin Nis: kasuwar da ta ci sau biyu, ta watse sau biyu

A birnin Nis da ke bakin tekun Bahar Rum, a kudancin ƙasar Faransa, akwai wani tsohon filin wasa mai suna Nice Lawn Tennis Club. A nan ne aka daɗe ana yin wata gasar tenis ta ƙwararru bisa jar ƙasa. Filin na nan har yanzu, amma gasar ta kau.

Ita wannan jar ƙasa garin jan tubali ce, da ake niƙawa a shimfiɗa bisa daɓe. Tana rage wa ƙwallo gudu, saboda haka mai haƙuri da dogon numfashi ya kan rinjayi mai ƙarfin dantse a kanta.

Manyan zakaru sun taka filin. Ilie Nastase na Rumaniya ya ɗauki kofin a 1971 da 1972, Bjorn Borg na Suwidin kuma a 1977 da 1980. Amma wanda labarinsa ya fi ɗaure da garin shi ne Yannick Noah, wanda mahaifinsa ɗan Kamaru ne. A 1971 ne Arthur Ashe, baƙar fatan Amurka, ya ga wasansa a Yawunde yana ɗan shekara 11, ya yi masa hanya aka kai shi Nis koyon tenis. A 1981 yaron ya ci kofin garin da ya raine shi. Shekara biyu bayan haka ya lashe Roland Garros a birnin Paris.

An rufe gasar bayan wasan 1995, wanda Marc Rosset na Suwis ya ci. Sai a 2010 aka sake buɗe ta, Richard Gasquet ya ɗauki kofin a gaban ƴan ƙasarsu. A nan ne kuma Dominic Thiem na Otirish ya ci kofinsa na farko cikin manya a 2015, ya maimaita a 2016. Daga nan aka kwashe gasar zuwa birnin Liyon a 2017, inda ita ma ta tsaya bayan 2024.

Duk ɗan kasuwa zai gane matsalar. Gurbin gasa cikin jadawalin ƙungiyar ATP kamar rumfa yake a kasuwa: ana saye, ana sayarwa, ana ƙaura da shi. Gurbin da Nis ta samu a karo na biyu kuwa shi ne makon da ke gab da Roland Garros, lokacin da akasarin manyan ƴan wasa suka fi son hutu. Idan babu manya, ƴan kallo da masu zuba kuɗi sai su ja baya.

Asarar ta fi faɗa wa matasa, domin a irin waɗannan ƙananan gasanni ne baƙon suna ke fara cin kofi kafin duniya ta san shi.