Yadda ake gane sabuwar waƙar rawa da za ta riƙe filin biki

Da zarar an kammala girbi a kudancin Jihar Jigawa, bukukuwan aure kan yawaita, tun daga cikin garin Birnin Kudu har ƙauyukan Gwaram irin su Dingaya. Lokacin ne kakar masu kiɗan DJ ke yanke saƙa. Kafin mai sana'ar ya ɗora lasifikoki da janareta a mota, yakan biya wurin masu tura waƙoƙi a cika masa memori da sababbin fita. Kaɗan ne daga ciki za su yi masa rana. Idan ya saki wadda ba ta karɓu ba, 'yan mata su koma kan kujeru, liƙi ya tsaya, uwar biki kuma ba za ta sake nemansa ba.

Abin da zai taimaka masa wajen zaɓe ba shi da yawa, domin sharhin da ake yi wa sababbin waƙoƙin Hausa kusan duk a kan kalamai yake tsayawa. Da Ado Gwanja ya saki "Warr" da "Chass" a 2022, an yi ta muhawara kan tarbiyya, har magana ta kai gaban kotu a Kano. Wannan muhawara tana da gurbinta, iyaye kuma suna da haƙƙin yin ta. Sai dai kiɗan da ya sa waƙoƙin suka mamaye gidajen biki, da ƙyar aka samu wanda ya zauna ya feɗe shi.

A Ingila akwai wani salo da masu sharhi ke aunawa da kiɗa kusan zalla. Sunansa drum and bass, wato ganga da amo mai kauri, wanda masu DJ a nan ke kira bes. Ya tsiro a farkon shekarun 1990, musamman a Landan da Biristol, kuma yana gudu da bugu 170 zuwa 175 a minti ɗaya, alhali amapiano na Afirka ta Kudu, da ya shiga situdiyoyin Najeriya, bai cika wuce 115 ba. A 1997 Roni Size da ƙungiyarsa Reprazent suka ci kyautar Mercury da wannan kiɗa. Reshensa da aka keɓe domin rawa shi ake kira jump-up: kalmomi kaɗan, ganga mai sauƙi, bes mai gurnani. Masu ganin kansu gwanayen saurare sun daɗe suna raina shi, amma "Mr Happy" da DJ Hazard ya fitar tare da Distorted Minds a 2007 har yau tana tayar da taro.

Mai sharhin jump-up yakan fara da sauraren gaɓar da kiɗa ke ja da baya, ya tara zumuɗi, sannan ganga da bes su faɗo tare. A nan waƙa ke tashi ko ta mutu. Idan aka jinkirta faɗowar, ƙafa ta yi sanyi. Idan aka gaggauta, ba a tara komai ba. Makaɗin kalangu ya san wannan tun kafin kwamfuta, shi ya sa yake sassauta hannu idan mai rawa ta shigo fili, ya ɗauke ta da zafi bayan ta daidaita. Daga nan sai a duba ko bes ya bar wa ganga sarari ko ya haɗiye ta, da kuma ko farkon waƙar da ƙarshenta za su bari a ɗinke ta da wata ba tare da an ji tsagaitawa ba.

Duk wannan ba ya fitowa a wayar hannu. Ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da amon da ke can ƙasa, wanda ƙirji ke ji kafin kunne, saboda haka waƙar da ta yi tashe a TikTok na iya zama fanko a fili, wadda aka tsallake kuma ta girgiza unguwa. Mutanen Birnin Kudu ba baƙin amo ba ne: a shekarun 1950 Bernard Fagg, masanin kayan tarihi, ya rubuta bayanin duwatsun garin da ke ƙara kamar ƙararrawa idan aka buga su.

Hukunci na ƙarshe a Ingila taro ne ke yanke shi, ya yi ta ihu har DJ ya mayar da waƙa farko. A Gwaram ma haka ne, sai dai a nan wadda ta miƙo kuɗi ce ke cewa a maimaita. Gogaggun masu sana'ar kan gwada sabuwar fita tun da la'asar, lokacin da yara ne kawai a gaban lasifika, su adana wadda ta motsa su har ƙawayen amarya su iso.