Labarin 'Yan Matan Ashana na Birnin Landan

Kowane mai tebur ya san ashana, kaya ce mai araha wadda ba a rasa ta a gida. Amma akwai zamanin da araharta ta tsaya a kan wuyan talakawa.

A ƙarshen ƙarni na 19 masana'antu sun bunƙasa ƙwarai a Ingila, dukiya ta taru a hannun masu jari, leburori kuwa suna cikin ƙunci. A unguwar Bow, gabashin Landan, akwai gidan ashana na kamfanin Bryant and May, galibin ma'aikatansa mata ne da 'yan mata. Sukan kama aiki da sassafe, ba su tashi sai maraice, wata kuwa ladanta na mako sule 4 ne. A cikin wannan ɗan abin ma ana yanka tara: wadda ta yi magana a bakin aiki, ko aka ga ƙafarta da dauɗa, sai a cire mata toro, watau kwabo 3. Masu jari kuwa a wasu shekaru sun ci ribar da ta haura fam 20 bisa kowane fam 100.

Abin da ya fi tara muni shi ne farin fosfaras, sinadari mai dafi da ake yin kan ashana da shi. A wurin aikin suke cin abinci, dafin ya shiga baki. Sai haƙori ya soma ciwo, dasashi ya kumbura, ƙashin muƙamuƙi ya ruɓe.

A watan Yuni na 1888 wata mace mai suna Annie Besant ta buga labarinsu a jarida. Manyan gidan suka nemi ma'aikata su sa hannu a takarda cewa ba su da kuka. Suka ƙi. Aka kori ɗaya daga cikinsu, sai wajen mutum 1,400 suka ajiye aiki a farkon Yuli. Jama'a suka yi ta tara musu gudummawa. Bayan kamar mako biyu kamfani ya sauko: aka soke tara, aka mayar da wadda aka kora, aka yarda a keɓe ɗakin cin abinci. Su kuma suka kafa ƙungiyarsu.

Abin bai tsaya nan ba. A 1889 leburorin tashar jiragen ruwa ta Landan suka yi nasu yajin, suka sami sisi a kan kowace sa'a. Dafin kuwa ya daɗe, sai a 1908 majalisar Ingila ta yi dokar hana farin fosfaras a ashana, ta soma aiki a 1910, shekara 22 bayan yajin.

To, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kukan yarinya guda kora ya jawo, amma da suka haɗa kai sai aka saurare su. Mai ɗaukar ma'aikaci kuma ya auna: ribar da ta fito daga tauye ladan lebura, bashi ce a wuyansa.