Baƙaƙe Masu Ƙugiya a Hannun Mai Kula da Kwamfutocin Kamfani

Kowane kamfani mai ɗan girma yana da wani ma'aikaci wanda ba a kan tuna da shi ba sai abu ya ɓaci, watau mai kula da kwamfutoci da hanyoyin da suka haɗa su. Shi ke buɗe wa sabon ma'aikaci suna da kalmar sirri, shi ke lallashin injin buga takardu, shi ne kuma ke kwafe bayanan ciniki ya adana don gudun hasara. A ƙasar Hausa kuwa akwai wani aiki da ya ƙaru a kansa, wanda ya shafi masu nazarin harshe: tsaron baƙaƙen nan ɓ, ɗ, ƙ, waɗanda boko ya ke amfani da su tun wajen shekarun 1930, da kuma ƴ ta mutanen Nijar.

Asalin wahalar shi ne kwamfuta ba ta san baƙi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII da aka fitar a Amurka a 1963 gurbi 128 kaɗai gare shi, babu ko ɗaya na masu ƙugiya. Da Unicode ya fito a 1991 kowannensu ya sami tasa lamba a cikinsa, sa'an nan a 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar da ta ke ajiye k da bayit guda, ƙ kuwa da bayit biyu.

To, a nan ne ɓarna ta kan auku. In akawu ya fitar da sunayen abokan ciniki daga ma'ajiyar bayanai, wata manhaja kuma ta karanta su da tsohon tsarin Windows-1252, sai ta ɗauki bayit biyun nan a matsayin baƙaƙe biyu dabam. Ɗanladi ya koma ÆŠanladi, ƙ ta zama Æ™. Abin da ban tsoro a ido, amma fa da sauƙi, gama lambobin suna nan daram, karatunsu ne aka yi ba daidai ba. Mai kula ya sake buɗe fayil ɗin da UTF-8, suna ya dawo. Wadda ta fi muni ita ce alamar tambaya. In ma'ajiyar ba ta da gurbin baƙin, sai ta jefar da shi ta sa ? a madadinsa, daga nan kuwa ba wata dabara da za ta nuna ko ɓ ce ta ɓace ko ɗ, sai dai a koma ga kwafin da aka adana, in an adana. MySQL ma, wadda kamfanoni da yawa ke dogara da ita, sai a fitowarta ta 8.0 a 2018 ta mai da cikakken UTF-8 tsarinta na farko.

Har wa yau akwai matsalar nema. Unicode yana iya raba é ta Faransanci gida biyu, e da alamarta, saboda haka mai neman suna ya kan same shi ko bai sa alamar ba. Ɗ kuwa baƙi ne guda, ba ya rabuwa, kuma ga masanin harshe wannan daidai ne, tun da ƙafa ba kafa ba ce. Amma a kanti sakamakonsa shi ne wanda ya buga Danladi ba zai ga Ɗanladi ba, sai ya buɗe masa sabon shafi, mutum guda ya zama biyu, bashinsa ya rabu.

Wasu masu kula su kan huta da wannan ta hanyar hana ƙugiya gaba ɗaya. A adireshin imel wannan uzuri ne karɓaɓɓe, domin har yanzu na'urori da yawa ba su karɓar wani abu a can sai baƙaƙen ASCII. A rasit da takardar albashi kuwa ba shi da hujja. Abin da ya kamata shi ne gurbi biyu: ɗaya na sunan yadda mai shi ke rubuta shi, ɗaya marar ƙugiya domin nema, sa'an nan a sa wa akawu allon bugu mai baƙaƙen Hausa.